Shanun da ba su da tozo

Ɗan bautar ƙasa ne ya jawo mini wannan aiki. Yaro ne daga Kudu da aka turo makarantarmu ya koyar da lissafi, Hausarsa kuwa ba ta wuce "ina kwana" da "nawa ne" ba. Ran nan an fita tara muna zaune a gindin darbejiya, sai ya miƙo mini wayarsa. Hoton wata jar saniya ne a jikin dutse. Ya tambaye ni ko na taɓa zuwa wurin. Na ce ina ne? Ya ce Birnin Kudu.

Na ɗauka ɓatan kai ya yi. Birnin Kudun da nake kai mahaifiyata babban asibitin tarayya? Na je ɗaurin aure a garin, na je gaisuwar mutuwa, na taɓa sayo tunkiyar kiwo a can. Duwatsun ma na san su, don duk mai wucewa yana ganinsu. Amma ban taɓa jin wai akwai zanen mutanen da a ƙarƙashinsu ba, ni da nake tsayawa gaban 'yan aji shida ina ba su labarin dalar Masar, wadda ko a mafarki ban gani ba. Yaron bai ce komai ba, ya mai da wayarsa aljihu. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar ɗin da ta biyo na zuba wa babur mai na kama hanya. Ƙauyenmu yana gabas da Dutse, saboda haka sai ka ratsa Dutse, ka miƙe zuwa Kwanar Huguma, sannan ka karya hagu ka hau titin da ya taso daga Kano ta Wudil. Da na isa, mutum biyu na tambaya a bakin tasha, kowa ya ce zanen me? Na uku wani ɗan acaɓa ne, shi ya ce in biyo shi, ya kai ni har wurin dattijon da ke kula da wurin. Dattijon ya zaga da ni Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ya nuna mini inda Dutsen Murufu yake. Ya ce wuraren suna cikin kayan tarihin ƙasa da gwamnatin tarayya ke kula da su, don haka in zan kawo yara in zo da takarda daga makaranta, in kuma kira shi tun ana jibi. Ya ce mu zo da safe kafin dutse ya ɗau zafi, kowane yaro da takalmi. Ya ƙara da kashedi uku: kada a taɓa zanen, kada a rubuta suna da gawayi, kada kuma a watsa masa ruwa wai don launin ya fito a hoto, abin da ya ce ya fi komai cinye shi.

Gaskiyar magana, a ranar ban yi minti ashirin ina kallon zanen ba. Na ga shanu, na ɗauki hoto, na ce ma sha Allahu, hankalina yana kan ko man babur zai mai da ni gida. Amma da ban yi wannan zuwan ba, da ranar tafiya mun yi ta gewayen gari da 'ya'yan mutane a mota muna tambayar hanya.

Ranar Litinin na shiga ofishin Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, so nake in kai 'yan aji shida Birnin Kudu."

"Inna lillahi. Wa ya rasu?"

Da na yi masa bayani ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malam, in mota ta faɗi da 'ya'yan mutane, sunan wa za a kira?" Na ce nawa. Ya ce a'a, nasa. Daga ƙarshe ya yarda da sharaɗi uku: takardar izini daga ofis, yardar kowane uba da bakinsa da dangwalensa, kuma kada in sake in tambaye shi ko sisi. Takardar ofis zuwa uku ta ci mini. Zuwan farko mai sa hannu ba ya nan, na biyu takardar ce ba ta nan, na uku aka buga hatimi cikin minti biyar.

Wannan duk wasa ne a kan iyaye. A ƙauye takarda ba ta tayar da kowa daga kan tabarma, sai maganar ta bi ta bakin mai gari. Na je fada bayan la'asar, na tuɓe takalmi, na faɗi na yi gaisuwa. Dagaci ya saurare ni har ƙarshe, ya ce zai sa a tara iyayen bayan sallar Juma'a, in faɗa musu da bakina, shi kuma zai zauna ya ji.

A wurin taron na yi wautar da har yau abokan wasana ke tsokanata da ita. Na miƙe na ce muna so mu kai yara yawon buɗe ido. Wuri ya yi tsit. Can wani dattijo mai 'ya mace a ajin ya gyara zama ya ce, "Malam, da idon nasu a rufe yake?" Aka fashe da dariya, amma shi bai yi ba. Sai a lokacin na tuna cewa a garinmu in aka ce yarinya idonta ya buɗe ba yabonta aka yi ba, "yawo" kuwa ba kalmar da uba ke son ji a jingine da sunan 'yarsa ba ce. Kalma ce ta rediyo na ɗauko na kawo ƙofar masallaci. Tun daga ranar ban sake furta ta ba, ziyarar karatu nake cewa, har a takardar da suka dangwala.

Daga nan aka shiga jero dalilai. Wani ya ce kogon dutse gidan mutanen ɓoye ne, yaro ya shiga ya kwaso abin da zai fi ƙarfin iyayensa. Wani ya ce zane a jikin dutse ai aikin matsafa ne. Wanda ya fi kowa gaskiya shi ne wanda ya ce riɗinsa yana tsaye a gona bai kaɗe ba, ga roron wake, ga yankan dawa na tafe, ni kuma albashi nake ci shi ya sa nake da lokacin kallon dutse. Ban da amsar ko ɗaya. Liman ne ya cece ni, shi da ban ma nemi taimakonsa ba. Ya ce Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma yaron da ya karanta addu'ar fita daga gida babu abin da zai same shi sai abin da Allah ya rubuta. Na ce, "Allah gafarta Malam, na gode." Ya ce kada in gode, in dai dawo da su kafin magariba. Mai riɗi kuma aka ba shi gaskiyarsa, aka ɗage tafiyar sai an gama kai amfani gida, cikin hunturu, kafin a ba da hutu.

Saura 'yan mata. Makarantarmu ba ta da malama ko ɗaya, kuma babu uban da zai sa 'yarsa a mota da maza zalla. Na riga na haƙura da su. Kwana biyu bayan taron sai ga aike daga Iya, ungozomar garinmu, wai in zo. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Jikarta ce ta kwana tana kuka.

"Ɗan nan, an ce ka rasa macen da za ta raka yara."

"Haka ne, Iya."

"To ni zan je. Ka zaga ka gaya wa iyayensu. Wanda bai yarda da ni ba, ya zo ya faɗa mini a nan."

Babu wanda ya je. Kusan duk yaran ajin ita ta yanke musu cibiya, har da wasu daga cikin iyayen nasu. A ajin mutum 26, aka sami 16 masu tafiya, maza 10 mata 6.

Sai maganar kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 shatar mota ta zama abin da sai ka zauna kafin ka ji farashi. Na je tasha sau biyu, 'yan kamasho suka yi ta wasa da hankalina, daga baya na tuna da wani ɗan garinmu da ke jan bas mai cin mutum 18. Muka daidaita a kan naira 40,000, zuwa da dawowa da jira. Aka yanka wa kowane yaro naira 2,000. Dagaci ya ba da 5,000, ni da ɗan bautar ƙasa muka cika sauran muka ƙara na ruwa da na ko-ta-kwana. Ba kowa ya kawo tsaba ba. Wasu riɗi suka auno, wata uwa ta aiko da kwanon gyaɗa, ranar kasuwa na zama ɗan awo ina cinikin kayan mutane. Na sayi sabon littafi mai shafi 20 don wannan lissafi kawai, duk wanda ya kawo abu in rubuta a gabansa in karanta masa. Kuɗin jama'a wuta ne, balle a garin da kowa ya san ranar da matarka ta yi sabon zane.

Na ƙarshen biya shi ne ɗan Arɗo. Yaron nan daga ruga yake zuwa, kwana uku a mako in an yi sa'a, sauran ranakun yana bayan shanu. Kujerar baya yake zama, karatunsa da ƙyar, a jarrabawa kullum yana wajen ƙasa. Mahaifinsa ya ƙi sau biyu, ya ce wa zai yi masa kiwo. Ana saura kwana uku sai ga yaron da zabi biyu a hammata, wai innarsa ce ta ce a sayar. Ba zan ɓoye ba, a raina na so a ce kujerar ta tafi ga wani yaro mai ƙoƙari da ubansa ya hana. Na karɓi zabin dai na rubuta.

Kuskurena na biyu shi ne na ba direba rabin kuɗi kafin alƙalami, ban kuma tambaye shi abin da yake yi da asubar ranar ba. Mun yi da shi ƙarfe bakwai. Tun an idar da sallar asuba yara suka cika filin makaranta, buji ya rufe gari, kowa ya sha basilin fuska na ƙyalli, wasu da rigar Sallah a ƙarƙashin ta makaranta. Uwargida ta tashi tun ƙarfe uku ta yi mana dafa-duka cike da babbar kula, ga jarka biyu ta ruwa, ga ƙuli-ƙuli da Iya ta ƙullo a leda. Bakwai ta yi, takwas ta yi. Wayarsa a kashe. Iyaye suka fara zuwa suna tsayawa daga nesa, hannu a baya, ba su ce komai ba. Mai riɗi ma ya zo. Tara da rabi sai ga mota tana tuƙa ƙura, cikinta duk ɓawon albasa. Ashe lodi ya fara kai wa wata kasuwa, wai kafin rana ta fito ya dawo.

Na buɗe baki ke nan Iya ta riga ni. "Kai! Ni na yanke maka cibiya, a kan tsumman zanen uwarka. Ni za ka shanya a cikin sanyi?" Ƙaton mutum da gemunsa ya durƙusa a gaban yara yana "tuba nake, Iya." Ya share motar da kansa. Har muka je muka dawo bai wuce gudun da ta yarda da shi ba.

Fiye da rabin yaran ba su taɓa wuce kasuwar mako ba. Da muka shiga Dutse sai motar ta rikice: wannan yana ƙirga benaye, wancan yana tambaya me ya sa direba ke zagaye shataletale maimakon ya ratsa ta tsakiya. Na nuna musu jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, na gaya musu garin ya zama hedikwata ne a 1991 da aka cire Jigawa daga cikin Kano, kafin nan mu duka Kanawa ake kiranmu. Babu wanda ya kula ni. Dabino suka gani a bakin titi, muka tsaya na saya musu daga kuɗin ko-ta-kwana. Wata yarinya ta yi amai, Iya ta fito da ledar da ta tanada tun daga gida, abin da ni bai faɗo mini ba. Kafin Kwanar Huguma muka yi faci, aka ci rabin awa.

Rana ta kusa take tsaka muka isa. Dattijon yana zaune a inuwa yana jiranmu tun hantsi, na ba shi haƙuri na miƙa takarda. Ya jera yaran ya maimaita musu kashedinsa uku, sannan muka bi shi. Manyan duwatsu ne wani kan wani, kamar an ɗora su da hannu, wasu sun yi rumfa. Kana shiga ƙarƙashi zafin ya ɗauke, sai sanyi da ɗan warin jemage. Ya ɗaga sandarsa ya nuna, ba tare da ta taɓa dutsen ba. Sai da ido ya saba da inuwar sannan suka fito: shanu, ja-ja kamar an kwaɓa jar ƙasa an shafa, wasu a fili, wasu sun koɗe sai ka karkata kai.

Yara suka yi shiru. Can wani ya ce, "Malam, shi ke nan?"

Gabana ya faɗi. Wata biyu ina fama, zabi da riɗi da zuwa ofis uku, ga abin da na samu. Na zaro takardar da na kwana ina rubutawa na fara karanto musu: wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo nan ya yi nazarin wurin ya sanar da duniya. Ina cikin karatu ina ganin ana hamma. Wata ta fara ɓare dabino.

"Malam."

Daga baya muryar ta fito, kamar kullum. Ɗan Arɗo ne, ya matso har gaba, abin da bai taɓa yi a aji ba. Ya tsuguna ya ɗaga kai.

"Malam, waɗannan ba shanunmu ba ne."

Na ce to na wa ne? Aka yi dariya. Bai ko juya ba. Ya miƙa yatsa a iska, nesa da dutsen, ya bi bayan saniyar tun daga wuya har gindin wutsiya, a hankali, ya sake dawowa.

"Ba su da tozo. Duba, a miƙe yake. Wannan ma. Waccan ma."

Na duba. Wallahi haka ne. Hoton nan yana cikin wayata wata biyu, na nuna wa Hedimasta, na nuna wa Dagaci, na nuna wa duk wanda ya tsaya, ban taɓa lura ba. Yaron ya shiga lissafi da yatsu, da Hausarsa mai gardin Fulatanci: bunaji farare da tozonsu, rahaji jajaye masu dogon ƙaho da tozonsu, bokoloji ma haka. Ya ce ko maraƙi yana fara tasawa za ka ga wurin ya ɗago. Wanda ke zuwa na ɗaya a ajin ya ce wataƙila mai zanen mantawa ya yi. Ɗan Arɗo ya juyo ya dube shi kamar ya yi saɓo.

"Wanda ya iya ƙaho haka ba zai manta tozo ba."

Dattijon ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa. Ya ce manya da manyan motoci suna zuwa nan, sai ya faɗa musu sannan su gani. Ya ce yaron ya yi gaskiya, shanun da ke jikin dutsen marasa tozo ne, wasu masu dogon jiki da dogon ƙaho, wasu gajeru masu gajeren ƙaho. Abin da na bi na tabbatar daga baya shi ne, marasa tozon su ne shanun farko a wannan yanki namu. Masu tozo asalinsu daga wajen Indiya ne, ta gabas suka shigo Afirka daga baya, suka yaɗu har suka mamaye ƙasar Hausa domin sun fi jure fari da doguwar tafiya. Marasa tozon ba su ƙare ƙaf ba: akwai kuri na Tafkin Chadi masu kumburarren ƙaho, akwai kuma muturu a Kudu, inda cutar ƙudan tsando ke kashe irin namu, su kuma suna jure ta. Ke nan mutumin da ya tsaya a inda muka tsaya ya shafa jan launin nan, irin shanun da ya sani ke nan.

Da na juya wa ɗan bautar ƙasa maganar sai ya yi tsalle. Ya ce ai a ƙauyensu akwai su, baƙaƙe, gajeru, ya sa hannu daidai ƙugunsa ya nuna tsayinsu. Yara suka ce wannan ai rago ne. Aka yi ta musu, shi da Turanci su da Hausa, ɗan Arɗo yana tambayarsa ta bakina ko ana tatsarsu, ko suna jan garma, me suke ci da rani. Na ninke takardata na sa a aljihu. Na tsaya ina kallon yaron da na yi shekara ina ba shi maki uku cikin ashirin, wanda na so in ba wani kujerarsa, yara goma sha biyar sun kewaye shi suna "nuna mana, nuna mana."

Daga nan dattijon ya kai mu wurin duwatsun kiɗa. A ido dutse ne kamar kowane, sai dai gefensa duk ƙananan ramuka ne masu santsi, kamar cikin ludayi, inda hannun mutane ya yi ta duka har ya lotsa. Ya ɗauki wani dunƙulen dutse ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ba ta dutse ba ce, ta ƙarfe ce, kamar an bugi tsohon wilin mota da muke kaɗawa a makaranta, sai dai ta fi shi zaƙi da jan amo. Ya matsa taki ɗaya ya buga wani ramin, murya ta sauya. Kafin ka ce kwabo yara sun rarraba ramukan, ɗan gidan makaɗa ya ɗora musu wani kiɗan kalangu, wuri ya ɗauka. A 1955 ne Fagg ya ci karo da waɗannan duwatsu, ya wallafa labarinsu a 1956, kuma daga nan Birnin Kudu masana suka fara sanin irinsu, kafin a yi ta samun wasu a sassan Afirka. Littattafai sukan ce shi ya gano su. Zurfin ramukan nan kawai ya isa ya gaya maka tun yaushe mutanen garin suka riga shi.

Dattijon ya ce a da amare kan zo nan da ƙawayensu gab da biki, su wuni a gindin dutse ana kiɗa ana waƙa. 'Yan matan suka rufe baki suna ƙyalƙyala. Iya, wadda tun da muka hau take zaune tana maida numfashi, ta ce ta taɓa ji a bakin wata gwaggonta da ta yi aure a wannan ƙasa, ta ɗauka tatsuniya ce. Ta miƙa hannu aka ba ta dutse. Ta buga sau uku, ta saurara har amon ya mutu, sannan ta yi wata 'yar waƙar kai amarya ƙasa-ƙasa, irin wadda yanzu ba a yi. Babu wanda ya yi dariya. Ta ajiye dutsen ta ce rana na yi, a zuba wa yara abinci.

Muka ci, muka yi sallar azahar. Maza suka sami wani dutse mai santsi suka yi ta zamiya, wando biyu suka yage. A hanyar fita na sa direba ya bi ta ƙofar tsohuwar kwalejin gwamnati, na ce musu Aliko Dangote a nan ya yi sakandare. Wannan kam sun ji, har da masu leƙe ta taga. Da na ƙirga kai kafin mu hau titi sai na sami 15. Na ƙirga sau uku, gumi ya karyo mini cikin hunturu, maganar Hedimasta tana yi mini amsa-kuwwa. Autan ajin ne ya ƙoshi ya shige ƙarƙashin kujerar baya ya yi barci.

Alƙawarin Liman dai ban cika ba. Ana kiran isha muka shiga gari, iyaye a bakin hanya da tocila, kowa yana haska fuskar yara yana neman nasa. Washegari bayan sallar asuba na karanta lissafi a ƙofar masallaci, tun daga zabi har kuɗin mai faci. Naira 1,300 ta rage, aka ce a sayi alli.

Bayan kamar kwana goma, ina gyaran sarƙar babur a ƙofar gida, sai ga Arɗo da kansa, sanda a kafaɗa. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyi, ya tambayi makaranta, sannan ya tsuguna.

"Malam, yaron nan ya zo mini da wata magana. Wai saniya babu tozo."

Na ce gaskiya ya faɗa. Na buɗe waya na nuna masa. Ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙo mini. Ya ce wannan abin ai har mutum yana sa wa ƙaho, shi ba ya shaida da shi. Ya tambaye ni nawa ne man zuwa.

Asabar muka tafi, shi a baya da sandarsa a gicciye, duk wanda muka wuce sai ya kauce. Dattijon ya gane ni, na ce masa ga mahaifin yaron nan. Arɗo ya tuɓe takalmi a bakin rumfar dutsen, ban san dalili ba, ban kuma tambaya ba. Ya tsuguna daidai inda ɗansa ya tsuguna, ya ɗora haɓa a kan sanda. Ya fi rabin awa a haka. Ni da dattijon muka koma gefe muna hirar tsadar taki. Da ya taso na zaci zai yi maganar tozo, ko ya ce yaron ya yi gaskiya. Sai ya dubi dattijon ya ce, "Baba, a ina suke shayar da su?"

Dattijon ya yi jim, sannan ya nuna masa wajen rafi da sanda. Na ce Arɗo rana ta yi, ga nisa. Ya riga ya sa takalmi ya fara gangarawa. Sai da muka je ya ga ruwan, ya tsinki ciyawar bakin rafin ya murza a tafin hannu ya sansana, sannan ya yarda muka hau babur.